Tambaya Ɗaya Daga Bakin Kogin Rahad

Gadarif, Oktoba 2023

Zuwa ga Baffa Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Ummusalama da yara da jikoki. Mu nan alhamdu lillahi. Yaƙin bai iso Gadarif ba, sai dai mutanen da ya koro. Inna tana fama da gwiwa, amma har yanzu a tsaye take sallarta.

Ban sani ba ko za ka tuna ni. Ni ce Zubaida, 'yar Husaini ɗan Mailafiya, Mailafiyan da ya bar ƙanensa, mahaifinka, a Haɗeja ya tafi Makka a ƙafa, a hanyar dawowa ya tsaya noma a Mafaza bai ƙara gaba ba. Shekarar da ka zo taro Khartoum ka biyo ta gidanmu, ni ce yarinyar da ta ƙi sakin jakarka. Da littattafan Hausar da ka bar wa Abba na koyi wannan rubutu, don mu nan Hausa a baki take, alƙalaminmu Larabci ya sani. In ka ga na cakuɗa, ka yi haƙuri.

Ka ji rasuwar Abba, amma ba na jin ka ji ta ƙanena Saifuddeen. Wakili ne a wani mashru'i, wato manyan gonakin dawa da riɗin nan na wajen Doka. Bara, bayan yankan riɗi, zazzaɓi ya kama shi. Aka ba shi maganin maleriya, bai sauka ba, aka sake ba shi. Yana ramewa, cikinsa yana kumbura, yana cewa gajiyar aiki ce. Da aka kawo shi Gadarif ni na ɗebi jininsa da hannuna, ni da nake koya wa ɗalibai aikin gwaje-gwaje a jami'a. Kalazar ne, Baffa. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ke kawo shi, yana ɓuya a tsagar baƙar ƙasarmu da gindin itatuwan talha da aduwa. Da bazara yake cizo, ciwon kuma ba ya fitowa sai bayan watanni. Yana da magani in an gane shi da wuri. Na Saifuddeen ba a gane ba.

Ga abin da ya kawo ni. Wata gidauniya a Turai ta fitar da sanarwar tallafin bincike kan lafiya a Sudan, za a rufe karɓa ƙarshen Disamba. Na rubuta takardar nema, abin da muke ce wa muƙtarah. Abba ya sha faɗa mana cewa ka yi shekaru kana zama a kwamitin da ke zaɓen irin waɗannan takardu. Ga ta nan na haɗo. Ka duba mini, don Allah, kada ka ji nauyina.

Inna tana gaishe ka, ta ce har yau ba ta manta yadda ka yi fama da cin kisira, gurasar dawar nan tamu, ba.

'Yarka,
Zubaida Husaini

Zariya, Nuwamba 2023

'Yata Zubaida,

Wa alaikumus salam. Na tuna ki sarai, kuma jakar nan har yanzu tana gidan. Muna lafiya, sai hawan jini da ke tuna mini shekaru. Hajiya ta ce a gaishe da Innarku, a ce mata ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Allah ya jiƙan Saifuddeen, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ban taɓa ganinsa ba, amma jinina ne.

Kin ce kada in ji nauyinki, to ba zan ji ba. Na karanta takardarki sau biyu. Karon farko baffanki ne ya karanta, ya share hawaye. Karo na biyu ɗan kwamiti ne, shi kuma bai kai tsakiya ba ya ajiye.

Abin da kika aiko ta'aziyya ce, Zubaida. Shafukan farko duk labarin ɗan'uwanki ne. Mai karantawa yana da tulin takardu a gabansa, kowace da mamacinta. Abin da yake nema a sakin layin farko shi ne: mene ne ba a sani ba, wa zai amfana in an sani, kuma me ya sa wannan mai rubutun ce za ta iya ganowa? Ki cire Saifuddeen daga farkon takardar.

Sannan kin ce za ki yi feshi, ki raba gidan sauro, ki ƙidaya ƙuda, ki horar da ma'aikata, har da gina ɗakin jinya a Doka. Wannan aikin ma'aikatar lafiya ne, ita ma sai ta yi da gaske. Masu ba da tallafin bincike tambaya suke saye. Tambaya ɗaya, wadda mutum zai iya amsawa da kayan da ke hannunsa cikin lokacin da aka ba shi. Ki zauna ki tambayi kanki: a duk abin da ya faru da ɗan'uwana, mene ne har yau ban san dalilinsa ba?

Na kuma nemo sanarwar tasu na karanta. Na ga hankalinsu ya fi karkata ga lafiyar waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, ke kuma ba ki ko ambace su ba. Ki koma ki karanta ta a tsanake, ki ɗinka wa aikinki rigar da suke son gani.

Kada zafin maganata ya karya miki gwiwa. Turancinki mai kyau ne, kuma kin san ciwon nan fiye da duk wanda zai karanta.

Baffanki,
Abdulganiyyu Mahmudu

Gadarif, Disamba 2023

Baffa,

Salamu alaikum. Ina fatan jikin da sauƙi. Mu muna nan da rai. Madani ta faɗi, ka ji a labarai. Mutanen Jazira suna ta kwararowa, makarantu sun cika, har tashar mota an kwana. A gidanmu akwai iyali biyu da ba mu san su ba kafin makon jiya.

Na karanta wasiƙarka. Maganar tambaya ɗaya na ji, ko da yake ban samo ta ba tukuna. Amma maganar riga, wallahi ban zaci zan ji ta daga bakinka ba.

Ba kai ka fara faɗa mini ba. Akwai wani abokin aikina a nan da ya ce, "Ya Zubaida, meye wahala? Ki rubuta leburorin gona a matsayin nazihin, 'yan gudun hijira. Su ma ai ba garinsu ba ne. Wa zai taso daga Turai ya duba?" Shi haka ya yi da tasa takardar. Na ce masa ni ba zan yi ba.

Leburorin Doka da mutanen ƙauyukanmu na bakin Rahad ba yaƙi ne ya kawo su ba. Suna nan tun kafin a haife ni, suna mutuwa da wannan ciwo tun kafin a harba harsashi ko ɗaya, babu wanda ya fitar da sanarwa dominsu. Yanzu sai in sa musu sunan da ba nasu ba kafin a yarda ransu rai ne? Kuma in cire Saifuddeen, wanda dominsa na ɗauki alƙalamin?

Ka gafarce ni in na yi tsaurin ido. Ni ƙarama ce, kuma ni na roƙe ka. Amma zan aika takardar yadda take. In sun ƙi, sun ƙi gaskiya ne.

Inna ba ta san abin da ke cikin wasiƙarka ba, na ce mata kawai kana gaishe ta.

Zubaida

Zariya, Janairu 2024

'Yata,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Hankalinmu yana wurinku tun da muka ji labarin Madani.

Wasiƙarki ta hana ni cin abinci. Na ɗauko kwafin tawa na ba Hajiya, na ce ta karanta layin nan na maganar riga ta faɗa mini abin da ta fahimta. Ta karanta ta ce, "Malam, ai ce mata ka yi ta yi ƙarya." Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce, "To ka rubuta abin da kake nufi mana."

Ga shi. Tela ba ya sauya mutum, awonsa yake ɗauka. Sanarwar ta jera kanun da take so, da tsawon kowane sashe, da tsarin da za a bi. Ke kin bi naki tsarin. Akwai takardun da ake zubarwa tun a ofis, ɗan kwamiti bai ma gan su ba, don kawai ba su bi wannan ba. Rigar da nake nufi ke nan. Maganar 'yan gudun hijira kuwa, nufina ki duba ko ciwon ya shafe su da gaske. In ya shafe su, ki faɗa. In bai shafe su ba, to wannan ƙofar ba taki ba ce, sai mu nemi wata. Wannan rabin ne na bari a cikina ban rubuta ba.

Abokin aikinki ya yi kuskure da ya ce babu mai dubawa. Ana dubawa. Kuma wanda aka kama, ba shi kaɗai ake rufe wa ƙofa ba, har waɗanda za su zo bayansa daga jami'arsa.

Batun Saifuddeen ban janye ba. Amma ban ce ki cire shi daga zuciyar aikin ba.

Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Baffanki

Zariya, Maris 2024

Zubaida,

Salamu alaikum, barkanmu da shiga azumi. Wasiƙata ta Janairu har yau wayar ba ta nuna kin buɗe ba. Na kira lambarki ba ta shiga. An ce an yanke layukan waya a Sudan, amma wasu sun ce na gabas sun dawo, ke kuma shiru.

Na je Kano wurin wasu 'yan kasuwar ƙasarku, na tambaya ko akwai mai ɗan'uwa a Gadarif. Ɗaya ya ce garin lafiya. Wani ya ce ya ji jirage marasa matuƙi sun fara kaiwa can. Na dawo ban san wanda zan gaskata ba.

In fushi ne, 'yata, ki ci gaba da fushinki, amma ki sa wani ya sanar da ni kuna raye. Kakanki ya bar mahaifina, suka rabu har mutuwa ba wanda ya ji muryar wani. Ba na so a maimaita a kaina.

Kullum bayan buɗa-baki Hajiya tana ambaton sunayenku.

Abdulganiyyu

Gadarif, Afrilu 2024

Baffana,

Wa alaikumus salam, barka da Sallah. Muna raye, muna lafiya, ka kwantar da hankalinka. Ba fushi ba ne. Shabaka ce, wato layin waya, ta ɗauke, kafin ta dawo kuma na kai Inna Mafaza wurin ƙanwarta, can ko da lafiya sai an hau tudu ake samun waya. Jiya na dawo, wasiƙunka biyu suka shigo tare. Na karanta su a tsaye a bakin ƙofa. Ka yafe mini, ka kuma gode wa Hajiya.

Takardar farko sun mayar. Layi biyu suka rubuto: ba ta bi tsarin sanarwa ba, kuma manufarta ta yi faɗi. Sun ce za a buɗe zagaye na biyu da damina.

Yanzu ka ji abin da na gani a Mafaza. Mutanen Jazira da ba su sami wuri a gari ba sun sauka a bayan gari, wajen kogin Rahad. Zafi ya yi tsanani, rumfunan leda ba sa zaunuwa, sai kowa ya ja tabarmarsa gindin talha da aduwa. Nan suke wuni, nan suke kwana, yara tsirara a kan ƙasar da ta tsattsage. Baffa, yanzu ne lokacin ƙudan. Na tsaya ina kallonsu. Mu 'yan ƙasa da yawanmu an cije mu tun muna yara, jikinmu ya ɗan san abin. Su jikinsu bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Na zauna da wata mata, Mawada, malamar firamare ce daga Madani. Mijinta ya tsaya gadin gida, ba ta ƙara jin labarinsa ba. Tana da 'ya ɗaya, Malaz. Na tambaye ta ko ta san kalazar. Ta ce, "Sunan wani ƙauye ne?" Na yi mata bayani, na kama hannunta na nuna mata inda ake taɓa saifa, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Sai ta ce, "Ya dakta, mun gudo daga wuta ne muka kwanta a kan garwashi?" Kafin la'asar ta tara mini mata sun fi cikin aji.

A lori ina dawowa na sami tambayar. Saifuddeen ba rashin magani ne ya kashe shi ba, maganin yana nan a asibitin Gadarif. Tsakanin ranar da zazzaɓi ya fara da ranar da aka gwada jininsa ne ya mutu. To in aka koya wa mata irin Mawada alamomin, aka ba su ɗan abin gwajin nan na ɗigon jini, wannan tsakanin zai ragu? Da kwana nawa? Ban ga wanda ya taɓa aunawa a cikin mutanen da suka zo baƙi ba. Zan kwatanta sansanin da aka koyar da wanda ba a kai ga koyarwa ba tukuna, in sa har da bukkokin leburorin Doka, kowa da sunansa na gaskiya.

Abin da na ƙi rubutawa don ƙarya ne, ga shi ya zama gaskiya. Da ma bai zama ba.

'Yarka,
Zubaida

Zariya, Mayu 2024

'Yata,

Alhamdu lillahi. Da saƙonki ya shigo Hajiya ce ta fara gani, ta yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Muna lafiya.

Wannan ita ce tambaya. Ki rubuta ta a layin farko kamar yadda kika rubuto mini, kada ki yi mata ado.

Sauran ki saurara. Ɗan kwamiti mai imani zai tambaye ki: sansanin da ba a koyar ba, haka za ki zuba musu ido su mutu don ki sami abin kwatantawa? Kada ki jira a tambaya. Ki tsara aikin yadda kowane sansani zai samu, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon yadda ƙarfinki ke kaiwa, kuma ki faɗa ƙarara cewa duk maras lafiyar da aka gani, a ko'ina yake, za a kai shi asibiti. Ki nemi takardar amincewa daga asibitin da zai karɓe su, da ta kwamitin ɗa'ar bincike. Ki bayyana yadda za ki nemi yardar mutane da harshen da suke ji, har wanda bai iya karatu ba.

Kasafi kuma, kada ki kumbura shi, kada ki matse shi don kunya. Masu sabon hannu sun fi yin na biyun. Ki sa ladan matan da za su yi aikin, ba sadaka suka zo yi ba. Ki sa kuɗin motar da za ta iya da lakarku.

Akwai sashen da suke tambayar abin da zai iya ɓata aikin. Yawancin mutane suna rubuta ruwan sama da tsadar mai. Ke ki rubuta yaƙi. Ki faɗi abin da za ki yi in ya matso, da wanda zai riƙe aikin in ba kya nan. Sun san da yaƙin, so suke su ga ko ke kin dube shi.

Saifuddeen kuwa, ki ba shi jimla ɗaya a inda ake tambayar dalilin da ya sa ke ce za ki yi aikin. A can zai yi nauyi.

Magana ta ƙarshe ba ta takarda ba ce. Akwai ɗaki biyu a gidan nan babu kowa. Ki ɗauko Innarku ku taho. Takarda ana rubuta ta a ko'ina.

Baffanki

Gadarif, Agusta 2024

Baffa,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Inna lafiya, sai dai sanyin damina ya tayar mata da gwiwar. Ruwa ya sauka sosai, hanyar Mafaza ta zama kunu, kuma amai da gudawa ya ɓulla a sansanoni.

Takarda ta tafi. Gyaranka na ƙarshe ya iso a kan lokaci, na bi duka sai guda: ka ce in rage sashen leburori, ban rage ba.

Da Sinja ta faɗi garin nan ya rikice. Maƙwabtanmu suka ɗaure kaya suka nufi Kassala. A ranar nake rubuta sashen abin da zai iya ɓata aikin, ina jin motoci suna wucewa da katifu a kai. Na rubuta cewa in na mutu ko na gudu, shugabar ɗakin gwaji ta asibiti za ta riƙe aikin, kuma ta sa hannu. Ban taɓa rubuta mutuwata da Turanci ba sai ranar.

Na karanta wa Inna maganar ɗaki biyu. Ta yi ta sa maka albarka, sannan ta ce, "Ki ce masa surukina ya yi tafiyar nan sau ɗaya, ta ishe mu. Mijina da ɗana suna kwance a nan." Ni ma, Baffa, ba zan rubuta cewa ni ce na san wurin nan sannan in aika daga Zariya ba.

Mawada ba ta jira kowa ba. Ta mai da gindin wata aduwa ajin koyar da alamomin ciwon, da rana, lokacin da ƙudan ba ya cizo.

'Yarka

Gadarif, Janairu 2025

Baffana,

Salamu alaikum. Gaisuwarku ta waya tana isowa, na ji Hajiya ta yi mura, Allah ya ƙara sauƙi. Yau na zauna in rubuta da tsawo, don ina cikin ruɗani.

Abin da na ji tsoro ya zo. Tun bayan yankan riɗi zazzaɓin ya fara fitowa a sansanin Mafaza. Malaz na cikin na farko. Da zazzaɓinta ya ƙi jin maganin maleriya, Mawada ta kwantar da ita ta taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinta, ta ji abu kamar ƙwallon mangwaro. Ba ta shawarci kowa ba, ta ɗauke ta a amalanken jaki zuwa inda mota ke tsayawa. Yarinyar ta sha allurai, ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma ta tashi. A ƙarshen sansanin akwai mutanen Sinja da suka iso daga baya, ajin Mawada bai kai gare su ba. Wata mata a cikinsu ta binne 'ya'ya biyu a wata ɗaya.

A makon da aka binne na biyun ne saƙon gidauniya ya zo. Sun amince. Na karanta, na rufe wayar, ban faɗa wa kowa ba sai washegari.

Yanzu ga sabuwa. Sojojin gwamnati sun ƙwato Madani. Ranar da labarin ya zo mutane suka yi ta kabbara a titi, tsofaffi suna kuka. Ni ma na yi murna. Amma tun daga ranar ake ɗaure kayan komawa gida. Sansanonin da na rubuta a takarda suna watsewa a gaban idona, kafin kuɗin ma su iso. Kuma da yawan masu tafiyar an cije su bara, ciwon yana kwance a jikinsu. Za su kai shi garuruwan da asibitocinsu suka lalace, likitocin can kuma ba su saba neman sa ba.

Abokin aikin nan nawa ya ce in yi shiru har kuɗin su shigo, daga baya in yi bayani. Ya ce in na faɗa yanzu za su ce aikin da suka amince da shi babu shi, su janye. Ba na jin ƙarya yake. Leburorin Doka suna nan, su ba inda za su, in an janye su ma sun rasa.

Na san abin da ya kamata. Ina so ne in ji daga bakinka, da yadda zan faɗa.

Zubaida

Zariya, Janairu 2025

'Yata,

Wa alaikumus salam. Hajiya ta warware. Allah ya raya Malaz, ya ba uwar yaran nan haƙuri.

Ki rubuta musu yau. Suna iya janyewa, ba zan ɓoye miki ba, na ga an yi. Amma kada ki je musu da matsala tsirara. Shafi ɗaya: ga abin da ya sauya, ga abin da bai sauya ba, ga abin da nake so ku yarda in yi. Tambayarki tana nan daram, mutanen ne suka tashi. To ki nemi izinin binsu. Ki faɗi su wa za su zama idonki a can, da asibitin da za a kai wanda aka samu. Ki turo in duba, ko tsakar dare ne ko ina masallaci za a kira ni.

Baffanki

Gadarif, Maris 2025

Baffana,

Salamu alaikum, barka da shan ruwa. Muna lafiya, Inna tana azuminta.

Sun amsa. Sai da na fara cire rai, sannan suka kira ni ta waya, mutum uku, suka yi ta tambaya. Wata a cikinsu ta ce, "Waɗannan matan da za su koma, me ya sa kike ganin za su ci gaba da aikin bayan sun isa gidajensu?" Mawada tana gefena, ta zo karɓar kayan gwaji na asibiti. Na fassara mata. Ta karɓi wayar ta yi magana da Larabci, ni ina mayarwa. Ta ce, "Ni na san duk wanda ya kwana a gindin itacen nan, da sunan unguwarsa. Tare muka ci, tare muka binne. Ba sai an biya ni in tuna su ba. Amma ku biya, don mota ba ta san wannan ba." Na ji sun yi dariya. Bayan kwana kaɗan suka rubuto: sun yarda a bi mutane, Doka kuma tana nan yadda take. Sun rage tsawon aikin, sun ce sai sun ga sakamakon farko.

Jiya na raka Mawada tasha. An tabbatar mata mijinta ya rasu tun watannin farko, maƙwabta suka binne shi a cikin gidan. Duk da haka ta ce za ta koma. Loriyoyi sun yi layi, an ɗora gadaje da tukwane, mutane a saman kaya. Kafin tasu ta tashi ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga murya: "Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ku ce wa likita kun zauna a Rahad! Ku faɗa ko bai tambaya ba!" Wasu suka amsa, wasu hankalinsu ya riga ya isa gida.

Malaz tana zaune a kan buhun dawa, ta rungume kwalin kayan gwajin a cinyarta, uwar ta ce kada ta saki. Motar ta ɗaga, na tsaya har ta sha kwana.

Bazara ta shigo, ƙasa ta fara tsagewa. Jibi zan tafi Doka.

A gaida Hajiya. Ku sa mu a addu'a.

'Yarka,
Zubaida Husaini Mailafiya